Fitilar Zenon a Titunan Kano: Mai Mota Na Murna, Mai Tahowa Na Lalube

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya zama ruwan dare a titunan birnin Kano, wanda duk mai tuƙi bayan sallar isha'i ya san shi ko da bai san sunansa ba. Ina nufin farar fitilar nan mai shuɗi-shuɗi da ake kira zenon, wadda masu motoci suke cire ƙwan fitilarsu na asali su sa ta a madadinsa, da nufin ƙara wa motarsu haske. Abin da nake so masu karatu su sani shi ne, irin sawar da ake yi mata a yawancin garejojinmu tana makantar da wanda ke tahowa, kuma shi kansa mai motar ba ta ba shi ganin da yake zaton ya saya da kuɗinsa.

Ba na zargin masu yin haka da mugun nufi. Wanda yake komawa gida da daddare ta titin Katsina ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo, ko ta titin Zariya ya wuce Na'ibawa, ya san abin da ke jiransa a hanya: ga ramuka, ga 'yan garuwa da masu tura baro waɗanda ba su da wata alama mai ƙyalli, ga masu tsallaka titi cikin baƙaƙen kaya, ga kuma babbar mota da ta lalace aka bar ta a gefen kwalta ba alamar komai sai reshen bishiya. Yawancin motocinmu kuma 'yan Kwatano ne da suka sha jiki, fitilunsu sun dushe. Neman ƙarin haske a irin wannan hali ba laifi ba ne. Hanyar da ake bi wajen nemansa ce take da gyara.

Ƙwan halojin da yawancin motoci ke zuwa da shi yana da siririyar waya a ciki wadda ke yin ja idan lantarki ya bi ta, yana cin wat 55, kuma haskensa a ƙaramar fitila, wato dim, yana tsakanin lumen (ma'aunin yawan haske) 1,000 zuwa 1,500, gwargwadon irin ƙwan. Ƙwan zenon ba shi da wannan waya. Tartsatsin lantarki ne ke tsallakawa tsakanin tsinke biyu a cikin ɗan ƙaramin gilashi mai ɗauke da iskar zenon da wasu gishirin ƙarafa, kuma kafin tartsatsin ya tashi sai an buga masa wuta mai ƙarfin fiye da volt 20,000, aikin da ɗan akwatin nan da ake kira balas yake yi. Da wat 35 kawai, ƙwan zenon na ƙwarai yana ba da lumen kusan 3,200, wato ninki biyu ko uku na halojin. Kamfanin BMW ne ya fara fitar da mota da irin wannan fitila a shekarar 1991, kuma babu mai musun cewa fasaha ce mai kyau idan tana cikin gidan da aka ƙera domin ta.

A nan ne gizo ke saƙar. Gidan fitilar mota ba kwano ba ne kawai da ake jefa ƙwai a ciki. Madubin da ke bayan ƙwan an lanƙwasa shi ne da lissafi, bisa tsawon wayar halojin da kaurinta da daidai inda take zaune, domin ya tattara hasken ya shimfiɗa shi a kan kwalta, ya kuma yanke shi a wani layi yadda ba zai hau idon direban da ke fuskantar ka ba. Tartsatsin zenon kuwa siffarsa daban ce: yana ɗan gantsarewa sama, kuma ya fi ƙarfi a bakin tsinkayen nan biyu maimakon a tsakiya. Idan aka cusa shi a gidan halojin, madubin zai kama hasken daga inda ba a shirya masa ba, ya watsa shi sama da gefe, layin yankewar ya ɓace. Shi ya sa motar da ta zo da zenon daga kamfani yawanci za ka gan ta da fitila irin ta furojekta, mai dunƙulallen gilashi a gaba da ɗan faifan ƙarfe a ciki wanda ke datse saman hasken. Kuma ko a wajen masu ƙerawa, ƙwan da ake sa wa furojekta, D2S, daban yake da wanda ake sa wa madubi, D2R, wanda aka shafa wa baƙin fenti a wasu sassa don ya tare hasken da zai ɓata. Kayan da ake sayarwa a kwali babu ruwansu da wannan duka. An ɗauki ƙwan zenon ne an dasa shi a gindin H4 ko H7, wato irin gindin ƙwan halojin, domin kawai ya shiga ramin.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran wayar mota ya ga yadda aikin ke gudana. Mai mota zai zo da kwalinsa daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, yaron gareji ya huda murfin bayan fitila don wayoyi su wuce, ya ɗaure balas a jikin ƙarfe da igiyar roba, ya naɗe mahaɗar da baƙin salatif. Sai a kunna da rana tsaka, mai motar ya zagayo gaba ya leƙa, hasken ya soke masa ido ya kau da kai, ya ce, "Kai, wannan wuta ta yi!" Ya biya ya tafi. Babu wanda ya ja motar gaban bango ya duba inda hasken ke sauka. Abin da ya gamsar da shi, wato sukar da ta yi masa a ido, ita ce ainihin shaidar cewa aikin bai yi ba, domin wanda ke tsaye a gaban mota mai dim ɗin da aka saita daidai bai kamata ya kasa buɗe ido ba.

Idon ɗan Adam idan haske mai ƙarfi ya doke shi cikin duhu yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai, kuma lokacin yana ƙaruwa da shekaru, balle ga dattijon da yanar ido ta fara kama shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Ke nan direban da ya yi daƙiƙa 3 ba ya gani ya shafe mita 50 a makance, kuma a titi irin na Haɗeja ko na Gidan Zu da daddare, mita 50 ba ta rasa ɗan Adam a cikinta. Masu Adaidaita Sahu sun fi kowa shan wuya, saboda suna zaune ƙasa-ƙasa, gilashinsu sau da yawa ya sha karce, ga shi kuma suna ɗauke da mata da yara. Idan motar mai zenon doguwa ce irin jif, hasken yana shiga kai tsaye ta gilashin bayan ƙaramar motar da ke gabanta, ya cika madubanta uku. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: wanda aka haske sai ya ɗaga tasa fitilar ya rama, ɗayan ma ya ɗaga, su wuce juna kowa yana tuƙi da addu'a, washegari kuma wanda aka zalunta ya nufi kasuwa ya sayo wadda ta fi ƙarfi. A cikin haƙƙoƙin hanya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa akwai kame cuta daga mutane, kuma ban ga yadda za a fitar da wannan daga ciki ba.

Shi ma mai motar an yi masa sakiyar da ba ruwa. Hasken da ya watse yana taruwa ne a 'yan mitocin da ke gaban bamba, wurin ya yi fari fat, sai ya ji a ransa cewa yana gani sosai. Amma wannan farin da ke kusa yana sa ƙwayar ido ta tsuke, nesa kuma ta ƙara duhu, alhali nesa ce direba ke buƙatar gani domin ya samu damar taka birki. Sannan akwai ruɗanin lambobin da ake rubutawa a kwali, 6000K, 8000K, har 10000K, waɗanda matasa da yawa suka ɗauka ma'aunin ƙarfi ne. Ma'aunin launi ne. Zenon na kamfani yana wajen 4300K, kuma duk yadda lambar ta hau daga nan, shuɗin yana ƙaruwa ne, hasken da ido ke amfana da shi yana raguwa. Mu kuma a nan muna da hunturu. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko, duk hasken da ya tashi sama yana dukan ƙurar ya dawo wa direba, ya zama kamar wanda aka rataya wa farin zane a gaban gilashi. Haka nan zenon yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ya kai cikakken haskensa, don haka bai dace da babbar fitilar da ake ƙyaftawa ba, kuma yawan kunnawa da kashewa yana gajarta ran ƙwan da na balas. Balas mai araha kuwa idan ruwan damina ya shige shi, yana iya ɗauke wuta gaba ɗaya ana cikin tafiya. Akwai ma ƙwayayen da aka rubuta musu zenon a kwali alhali halojin ne da aka shafa wa shuɗin launi, wanda ba abin da yake yi sai tare wani kaso na hasken.

A ƙasashen Turai, inda da yawa daga cikin motocinmu suka fito, ƙa'ida ta tanadi cewa ƙaramar fitilar da ta haura lumen 2,000 dole ta kasance da na'urar da ke daidaita tsayinta da kanta idan an yi wa mota lodi, da kuma abin wanke gilashinta, saboda datti kaɗai ya isa ya watsa haske mai wannan ƙarfi. A Ingila, motar zamani da aka sa wa ƙwan zenon ko na LED a gidan halojin ba ta tsallake gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Idan ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba sun ga wajibcin wanke gilashi, ina ga mu da mota ke yin futu-futu tsakanin safe da yamma, kuma ake cika but da buhunan hatsi har gabanta ya ɗaga sama?

Mafi yawan masu kukan rashin haske ba sabon ƙwai suke buƙata ba. Murfin fitilun motocin yanzu na roba ne, rana kuma tana ƙona shi ya koma rawaya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu cewa waɗanda suka dushe suna ba da kashi 22 cikin ɗari ne kacal na hasken sababbi. Goge murfin da shafa masa abin kare rana yana dawo da kaso mai yawa. Tsofaffin wayoyi da tsatsar mahaɗa su ma suna cin wuta a hanya, kuma halojin ba ya jure haka: idan wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10, haskensa yana faɗuwa da kusan kashi 30, matsalar da mai wayarin da ya san aikinsa zai magance da rile, wato ɗan makunnin lantarki, da waya mai kauri. Saitin kuma ba ya buƙatar komai sai bango da alli. A tsayar da mota a wuri mai lebur, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa a ja layi a bangon. Saman hasken dim ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da layin, kuma motoci da yawa an rubuta musu wannan adadi, kashi 1 ko 1.2 cikin ɗari na nisan, a jikin gidan fitilar. Wanda kuma ya nace sai zenon, kuma yana da hali, to ya sayi cikakken gidan furojekta da aka ƙera domin motarsa, da ƙwai mai 4300K, ya tabbatar na ƙasashen da ke bin hannun dama ne kamar yadda Najeriya ke yi tun 1972, domin fitilar da aka yi wa titunan Ingila ko Japan tana ɗaga haskenta ne ta hagu, daidai fuskar mai tahowa. Duk abin da na faɗa ya shafi ƙwayayen LED da suka fara maye gurbin zenon a kasuwa, da dogayen fitilun nan da wasu ke ɗaurawa a kan bamba.

Roƙona ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Jihar Kano, da jami'an duba lafiyar motoci, shi ne su sa saitin fitila cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ba mota takardar shaidar lafiya, ba a tsaya a kan ko tana kamawa kawai ba. Ina ganin a fara da wayar da kai kafin a kai ga tara, domin jama'a da dama ba su san suna cutarwa ba, kuma shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyon Kano suna isa kunnen direbobi fiye da kowace sanarwa. Shugabannin kanikawa da masu gyaran waya su ma suna da rawar takawa, tun da a hannun yaransu aikin ke wucewa: kowane gareji ya ware bango guda ya ja masa layi, kuma kada motar da aka taɓa wa fitila ta fita sai an tsayar da ita a gabansa an duba.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara basira, Ya kuma tsare mu a hanyoyinmu.

Naka mai karatu,
Daga unguwar Rijiyar Lemo, Kano.