Zuwa ga Uwata, sabuwar madam ta CI, ajin farko na firamare

Assalamu alaikum Uwata, ɗiyata. Ina gajiya, ina aiki, ya Yamai da sanyin da ya fara shigowa? Mu nan Tawa lafiya lau, an gama yankan hatsi ana ta ɗaukar damma zuwa rumbu, innarki na gaishe ki da kyau.

Na saurari saƙon muryar da kika aiko ranar Juma'a, kuma tun kafin ki faɗi komi na gane halin da kike ciki, don muryar duk ta dushe. Kin ce direkta ya ɗora miki koya wa yara taken ƙasa na ɗaga tuta, ga ɗan wasan kwaikwayo na 20 ga Nuwamba ranar haƙƙin yara, ga atisayen defile, faretin 18 ga Disamba ranar jamhuriya, ga rubuta abin da aka tattauna a taron CGDES, kwamitin kula da lakwal, wai don rubutunki na da kyau, ga CAPED, taron ƙara wa juna sani na malamai, duk wannan kuma kina da yara sama da 70 a gabanki da ba su taɓa riƙe alli ba. To Uwata haka ake yi wa sabon shiga, ba ƙiyayya ba ce, tsofaffin sun iya zamewa ne ke kuma kina jin nauyin ki ce a'a. Ki zaɓi guda ɗaya ki yi shi da kyau. In ni ne, taken ƙasa zan riƙe, tunda sabo ne, a 2023 aka canza shi, har cikin manya akwai masu gunguni in an zo tsakiya, kuma waƙa tana taimakon ajinki. Sauran ki sami direkta a biro bayan an tashi, ba gaban abokan aiki ba, ki gaishe shi da ladabi ki ce mushe direkta, ajin nan CI ne, ina roƙo ka rage mini har su fara gane baƙaƙe. Direktan da ya san aiki ba zai ji haushin wannan magana ba. Kuma duk wani atisaye a kai shi marece, kar ki yarda a taɓa miki awowin safe ko da na kwana ɗaya, don da safe ne kan yaro ke ɗauka.

Abin da ya sa na dage a nan, defile duk shekara ana yin shi, kin ga wanda aka yi mana nan lokacin bikin Tahoua Sakola a 2017, an yi an watse, amma wata ukun nan daga Oktoba zuwa Disamba sau ɗaya yaron CI ke samun su a rayuwarsa. Kamar shukar ruwan farko ne, wanda ya makara sai ya yi ta biyar baya har kaka. Ki tambayi waɗanda suka riƙe ƙananan azuzuwa a 2024, shekarar da ambaliya ta sa aka ɗage rantire, wato komawa lakwal, zuwa 28 ga Oktoba, za su gaya miki yadda suka sha wuya. Yaron da ya fita CI bai iya haɗa baƙi da wasali ba haka za a yi ta tura shi CP, CE1, har ya iske kansa CM2, ajin ƙarshe, yana kwafar tabulo kamar mai zane bai san me yake rubutawa ba, na ga irinsu da yawa a shekarun da na yi ina wannan aiki kuma har yau abin na ci mini rai.

Ki fara da sunaye. In kina kiran suna ki ɗaga kai ki kalli fuskar mai amsawa, kar ki tsaya kan rajista. In kin ce a ɗaga ardwaz, ki taka har layin baya ki duba, don na gaba kullum su ne masu ɗaga hannu su sa ki zaci kowa ya gane, na baya kuwa ardwaz ɗin maƙwabci suke leƙe. Duk Litinin ki juya musu wurin zama. Maganar harshe kuma, na san Zabarmancinki bai da ƙarfi kuma rabin ajin shi suke ji, to ki koya wurinsu, ki tambaye su sunan abu su gaya miki su yi dariya, ba komi, yaron da ya koya wa madam kalma gobe shi ne farkon zuwa. Zamaninmu na ɗalibta in ka yi Hausa a lakwal sambol, alamar horo, ake rataya maka a wuya, sai yaro ya yi wata guda bai buɗe baki ba, ban ga amfanin da ya yi wa kowa ba. Yanzu tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, don haka ki bayyana musu da harshen da suke ji sannan ki kawo Faransancin a kai.

Fish ɗinki, takardar shirin darasi, ki shirya ta da dare kafin ki kwanta ko kin gaji, konseye mai duba aikin malamai ba ya sallama kafin ya zo. Waɗanda kuka yi a ENI Kaocen, makarantar horar da malamai, ki duba su amma kar ki kwafe su yadda suke, ba a yi su don yara 70 ba. Ki daina ihu, tafi uku da 'yar waƙa sun fi ihu tara hankalin yara, bulala kuwa kar ma ta shiga ajinki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kika faɗa a ƙarshe kamar ba komi ba, wai ajinki rumfar zana ce da kara. Uwata ban yi barcin kirki ba daren nan. Kin san abin da ya faru a unguwar Pays-Bas nan Yamai cikin Afrilun 2021, yara kusan 20 wuta ta cinye cikin irin wannan aji, mafi yawansu 'yan ƙanana, sannan cikin Nuwamban shekarar a Maradi aka sake rasa sama da 20, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Busasshen kara da iskar hunturu ba su ba mutum minti biyu. A nan kam ina son ki yi taurin kai, ki aje kunya gefe. Ki sa a buɗe ƙofa ta biyu a bayan rumfar, mai faɗi, kar a jera tabur a bakinta. Masu tuyar ƙosai da awara na rekreyasiyo a matsar da murhunsu nesa, can bakin ƙofar lakwal, kar kuma a ƙona shara kusa, mai gadi ma ya kai shayinsa wani wuri. Ki aje bokitin ruwa da na rairayi. Ki koya wa yaran fita layi-layi in kin busa usur, ki mai da shi wasa, ku riƙa yi duk sati har ya zama jiki, kuma ke ce ta ƙarshen fita. Tunda ke ke riƙe da bik a taron CGDES, ki tada maganar gaban iyayen yara ki rubuta ta, ki roƙi a ba CI ajin bulo in akwai, manya su koma rumfa, su sun fi iya gudu.

Yaron da ya yi kwana uku bai zo ba kar ki tsaya sa masa alama kawai. Lokacin nan masassarar cizon sauro ba ta gama tafiya ba, ga tari da mura na ƙura, wasu kuma talla ce ta riƙe su, musamman 'yan mata. Ki nemi matan AME, ƙungiyar uwayen yara, su suka san gidan kowa, ku tafi tare da marece ki gaida uwar yaron, kar ki je da faɗa. Wanda kika taɓa jikinsa da zafi a kira gida a kai shi likita, kar ki ba ɗan wani magani daga jakarki.

Kuɗi kuwa, in albashi ya yi jinkiri ki faɗa mini, kar ki ci bashi don ankon biki. In an tara kuɗin alli ko na tsintsiya a hannunki ko dala ce ki rubuta gaban mutum biyu.

Kompozisiyon Disamba na tafe, ki ba kowane yaro abin da ya samu, kar ki ƙara don a ce ajin sabuwar madam ya yi kyau, ke ce za ki yi aiki da sakamakon nan cikin Janairu ki san su wa za ki zaunar kusa da ke. Innarki ta ce za ta aiko miki da gero da kuka da ɗan man shanu ta motar Asabar, ki sa a tarbi kayan a tasha. Ki riƙa shan ruwan ɗumi da citta saboda muryar, kuma da zarar kin yi magana da direkta kan ƙofar nan ta biyu ki kira ni in ji abin da ya ce.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki da yaran da ke hannunki.

Babanki