Zuwa ga Isufu, mai sayar da garba (abincin rogo da kifi) a Ajame

Tawa, daren Laraba

Isufu,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da mutanenmu na Abijan duka. Na san ka yi fushi. Saƙon muryarka uku na saurara, ban amsa ko ɗaya ba. Kunya ce ta riƙe ni, kada ka ɗora wa rezo laifi. 

Ka tuna bara, lokacin lodin albasar Galmi, da na ce maka bayana ya riƙe? Daga nan na fara shan tramol. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 da safe, sai in ɗaga buhu kamar na auduga. Kafin damina ta faɗi na koma ta 120, daga nan ta 225 ɗin da ake sayarwa a bakin tasha. Watan jiya biyu nake haɗiyewa a yini, kuma daɗin nan na farko ya daɗe da tafiya. Sha nake don kawai in iya tashi in yi alwala kamar mutane.

Mai teburin, ka san shi, wanda ya cinye mana kuɗin shayin fada, ya dube ni ran nan ya ce, "Wannan ta yara ce a wurinka yanzu, ga yayarta." Ya miƙo min wata, Tafrodol. Wallahi Isufu na biya. Kwana biyu tana aljihun rigata, ina taɓa ta kamar laya. Abin da ya tsayar da ni lissafi ne irin na ɗan dako: in 50 ta kai ni 225 cikin shekara guda, wannan ina za ta kai ni baɗi, kuma wa zai miƙo min yayarta? Na jefa ta a masai, na yi kwana ina jin haushin kuɗina.

Da na je likita, sai da na gama kame-kame kafin na faɗi gaskiya. Mutumin bai yi min wa'azi ba. Ya ce ko majinyaci ba a wuce masa miligiram 400 a yini, ni kuwa ina kan 450, kuma tramol mai yawa tana jefa mutum farfaɗiya. Ya ce jiki yana saurin sabawa da daɗin ƙwayar, amma numfashi ba ya sabawa da saurin nan, shi ya sa mai ƙarawa yake kwanciya barci a kasa tashinsa. Tafrodol ɗin ma ashe ba tramol ba ce, tapentadol ce, wani maganin ciwo mai ƙarfi, aka haɗa da wani maganin sakin jijiya. Tun da Indiya, inda ake yo ƙwayoyin, ta tsaurara fitar da tramol a 2018 ƴan kasuwa suka sauya kaya, kuma a 2025 ta hana yin wannan haɗin gaba ɗaya.

Ya hana ni yankewa dare ɗaya, ragewa muke kaɗan-kaɗan. Ko a hakan na ga ta kaina: gumi, hamma, majina, gudawa, ƙafafu su ƙi kwanciya har asuba. Hadiza ta sani, ita ke riƙe da maganin. Inna kuwa ta rantse ciwon shawara ne, kullum sai ta dafa min ganyen bedi, ni kuma ina sha ina godiya.

Af, Ɗanladi ya ƙara aure! Mutumin da har yau bai biya ni jika biyu na ba. Na kuma ga hotonka na salla, wannan tumbin dai ba ribar garba ba ce, jarin ne kake cinyewa.

Abu ɗaya da likitan ya maimaita min sau biyu: in na yi nisa da ragewa, ranar da shaiɗan ya ja ni na koma kan adadin da, adadin nan na iya kashe ni, don jiki ya riga ya manta da shi. Wannan ta fi komai ba ni tsoro, domin lodi zai dawo, bayana kuma bai warke ba. Ka taɓa ce min Sani ma yana taɓawa a can. Kada ka yi masa tsawa a gaban yara, ka ja shi gefe ka karanta masa wannan.

In mai zuwa ya samu, ka aiko min da bel ɗin ɗaure baya irin na masu dako a tashar jirgin ruwa. Ka gaida Alhaji.

Naka,
Habu