A bar wa ƴan adawa damar jan lokaci a majalisa, amma su yi shi a bainar jama'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana a kan filibasta, dabarar da marasa rinjaye ke amfani da ita a majalisar dokoki, su riƙe magana ko su jibga gyare-gyare har a kasa kaɗa ƙuri'a a kan ƙudirin doka. Tun da aka rushe majalisarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hirar siyasa a fadojinmu na Damagaram ta fi karkata ga wanda zai samu rinjaye ranar da zaɓe ya dawo, ba a cika tambayar abin da za a bar wa wanda ya sha kaye ba.

Majalisar dattawan Amurka tana da kujeru 100, kuma tun 1975 sai an samu ƙuri'a 60 ake iya rufe muhawara a kan yawancin dokoki, wanda ke nufin sanatoci 41 sun isa su tsayar da ƙudiri. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana magana, a tsaye, domin da zarar ya zauna maganar ta kuɓuce masa. Abin da yake karewa abin kunya ne, wato danne haƙƙin baƙar fata, kuma irinsa ne suka riƙe dokar ƴancin ƴan ƙasa ta 1964 har kwanakin aiki 60 kafin a karya su da ƙuri'a 71 da 29. Duk da haka akwai abu guda da na yaba a wancan salon: mai jan lokacin da jikinsa yake biya, kuma duk ƙasa tana ganin fuskarsa, tana jin hujjarsa.

Ɓarnar ta shigo ne tun shekarun 1970, lokacin da majalisar ta fara ajiye ƙudirin da ake jayayya a kansa ta ci gaba da wasu ayyuka, har ya zama barazana kaɗai ta isa, ba sai kowa ya miƙe ya ce uffan ba. Da tura ta kai bango, Harry Reid, jagoran masu rinjaye na jam'iyyar Democrat a majalisar, ya soke ƙa'idar ƙuri'a 60 wajen tabbatar da muƙaman gwamnati da alƙalan ƙananan kotuna a 2013, sai Mitch McConnell na Republican ya faɗaɗa sokewar zuwa alƙalan Kotun Ƙoli a 2017. A Faransa ma, ƴan adawa sun shigar da gyare-gyare sama da 137,000 a 2006 kan batun sayar da kamfanin Gaz de France, kuma a 2023 gwamnati ta zartar da dokar fansho da aya ta 49.3 ta kundin tsarin mulki ba tare da ƙuri'ar majalisa ba.

Mu a Nijar mun ɗanɗani ɗaci da daɗin irin wannan jayayya. Zaman doya da manja tsakanin Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou a 1995 ya tsayar da aikin gwamnati, ya ƙare da juyin mulkin Janairun 1996. Amma a ranar 31 ga Mayu 2007 ƴan adawa, ko da yake su ne marasa rinjaye, sun shawo kan wasu abokan ƙawancen gwamnati, aka kayar da ita da ƙuri'ar yanke ƙauna a cikin zauren majalisa, ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Wannan ranar ce nake so mu riƙa tunawa, domin ta nuna cewa ɗan adawar da aka bar shi ya yi magana ba ya buƙatar titi ko bariki.

Saboda haka ina kira ga masu rubuta dokar cikin gida ta majalisar da za ta zo su ware wa marasa rinjaye kwanaki sanannu da za su iya jinkirta ƙudiri, da sharaɗin su tsaya da kansu su yi bayani, a watsa kai tsaye a rediyo cikin Hausa da Zabarmanci da Barebari da Tamashek da Fillanci, yadda manomi a Mirriya ko Magariya zai ji dalilinsu. Idan kwanakin suka cika, a kaɗa ƙuri'a.

Wassalam,
Wani mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram