Malam Edita, ba maguɗi ne ya kayar da Beto a Texas ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in mayar da martani ga wani bawan Allah da ya rubuto muku kwanakin baya yana cewa ai Amurka ma maguɗi ake yi, wai hujjarsa ita ce zaɓen gwamnan Texas na 2022, ya ga bidiyon taron Beto O'Rourke, ɗan takarar jam'iyyar Dimokurat, a Facebook mutane maƙil kamar filin idi amma aka ce ya faɗi, to ina ƙuri'un mutanen nan suka tafi. Ni a Houston nake zaune shekaru da dama, tirela nake ja, kuma ni da maiɗakina duk Beto muka jefa wa a zaɓen nan, saboda haka ba wai ina murnar faɗuwarsa ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin nan faɗuwa ya yi tsakani da Allah, gwamna mai ci Greg Abbott na jam'iyyar Rifablikan ya samu kusan kashi 55 shi kuma kusan kashi 44, tazarar ƙuri'a sama da dubu 880. Shi kansa bai je kotu ba, a daren ya fito a garinsu El Paso ya yi wa magoya bayansa jawabin haƙuri.

Ga wanda bai san Texas ba, jiha ce ta masu ra'ayin riƙau, coci da bindiga da man fetur da kiwon shanu, kuma ba sa son gwamnatin tarayya ta sa musu baki a harkarsu. Rabon da ɗan Dimokurat ya ci wani zaɓe na jiha baki ɗaya tun 1994, gwamnarsu ta ƙarshe Ann Richards ce wadda George Bush ƙarami ya kayar a wannan shekarar. Kenan yaron da aka haifa lokacin yanzu ya yi aure ya haihu bai taɓa ganin gwamna ɗan Dimokurat da wayonsa ba. To a irin wannan wuri Beto ya zo a 2018 ya tsaya takarar sanata da Ted Cruz, ya zaga gundumomi 254 na jihar kaf, ya faɗi da tazarar da ba ta kai kashi 3 ba. Kowa ya ce kai wannan yaron akwai gaba. Har ni na faɗa.

Daga nan ne fa ya ɓata rawarsa da tsalle. Maimakon ya zauna gida ya ci gaba da gina abun da ya fara sai ya tafi neman shugaban ƙasa a 2019. A watan Agusta na shekarar wani ɗan bindiga ya shiga kantin Walmart a El Paso ya buɗe wa mutane wuta, mutum 23 suka rasu sanadiyyar haka, garin Beto ne, abun ya taɓa shi ƙwarai kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai a watan Satumba wajen muhawarar ƴan takara, a nan Houston ma aka yi ta, aka tambaye shi ko zai karɓe manyan bindigogi daga hannun mutane, ya ce ƙwarai kuwa, za mu karɓe muku AR-15 da AK-47. Zauren ya ɗau tafi. Ko wata biyu ba a yi ba ya janye daga takarar, masu tafin suka watse kowa ya kama gabansa, shi kuma ya dawo Texas da maganar a wuyansa. Magana zarar bunu ce dama.

Malam Edita sai ka zauna da mutanen nan za ka gane nauyin wannan kalma. Akwai maƙwabcina, dattijo ne ɗan asalin Meziko, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Lokacin sanyin nan na watan Fabrairun 2021 da wutar jihar ta ɗauke, gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, mu kwana uku muka yi ba wuta, famfon kicin ya daskare ya fashe, ƴaƴana na lulluɓe su da bargo da dardumar salla duk da haka suna karkarwa, wallahi ban taɓa zaton zan bar ƙasar NEPA in zo Amurka in kwana ina haska ɗaki da fitilar waya ba. Wannan dattijon shi ya jawo mana waya daga janaretonsa ta saman katanga, matarsa ta kawo mana ruwan zafi a fulas. A daren nan ba irin zagin da bai yi wa Abbott ba. Hukuma da kanta daga baya ta ce mutum 246 suka mutu. To da zaɓe ya matso na ce masa amigo ai lokacin ramuwa ya yi, sai ya yi dariya ya kai ni garejinsa ya buɗe wani akwatin ƙarfe, bindigar farauta ta babansa na ciki da wata AR-15 da ya saya, ya ce wuta dai an gyara ta dawo, amma wanda ya ce zai shigo gidana ya ɗauki wannan ba zan ba shi makullin gidan da hannuna ba. Na ce ai ya sassauta maganar yanzu, cewa yake a ɗaga shekarun saye zuwa 21 kawai. Ya ce wanne zan yarda da shi, na Houston ko na yanzu? Ban samu amsar ba shi ba.

Kuma abun da mutanen Abbott suka riƙe kenan, ba su wani wahalar da kansu ba, muryar Beto suka yanko suna sakawa a talabijin da rediyo safe da yamma. In ina tuƙi daga San Antonio zuwa yamma a babbar hanyar nan ta 10 sai in ji ta sau nawa kafin in tsaya shan mai.

Wanda ya fi ɗaure wa mutanen waje kai shi ne abun da ya faru a garin Uvalde. Ranar 24 ga Mayu 2022 wani yaro ɗan shekara 18 ya shiga makarantar firamare ta Robb ya kashe yara 19 da malamai mata 2, jami'an tsaro kusan 400 suka taru a wajen amma sai da aka yi sama da awa ɗaya kafin a fasa ajin. Abbott da farko yabon ƴan sanda ya yi, daga baya ya ce ba a gaya masa gaskiya ba. Washegarin harin yana taron manema labarai Beto ya taso daga cikin mutane ya tsaya gabansa yana nuna shi da yatsa yana cewa laifinka ne, aka fitar da shi. Mu a Houston muka ce madalla, namiji. Amma a ƙauye da yawa ba haka suka gani ba, gani suka yi mutum ya zo gidan makoki tun ba a yi jana'iza ba yana kamfen. Da aka ƙirga ƙuri'un gundumar Uvalde ɗin kanta, Abbott ne ya cinye da kusan kashi 60. Wasu daga cikin iyayen yaran sun fito sun yi wa Beto kamfen da hawayensu, amma maƙwabtansu suka jefa wa Abbott. Ni har yau abun na damuna, ba kuma na ce sun yi daidai ba ne, ina dai faɗin abun da ya faru.

Sai maganar aljihu. A watan Yunin 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1, rabon da a ga irinta an yi shekara 40, man dizal da nake sha ya haura dala 5 galan ɗaya, ka shiga kanti da kuɗin cefanen sati ka fito da leda biyu. Wa ke fadar White House a lokacin? Biden, ɗan jam'iyyar Beto. Kuma al'adar zaɓen tsakiyar zango a nan ita ce jam'iyyar shugaban ƙasa ke shan duka. Abbott ko sunan Beto ba ya cika kira shi kaɗai sai ya haɗa da Biden, kamar tagwaye. Ga kuma mai, Texas ita ke haƙo sama da kashi 40 na ɗanyen man Amurka, ka je Midland ko Odessa ka ga yadda gari guda ke cin abinci daga rijiya, daga mai walda har mai sayar da abinci a bakin titi har mu masu jan kaya. Lokacin neman shugaban ƙasa Beto ya yi ta yabon shirin rage dogaro da mai saboda sauyin yanayi, wannan ma aka tono masa. Mutumin da ke biyan kuɗin gida da albashin rijiya ka ce ya zaɓe ka saboda ƙanƙarar da ke narkewa a wata duniya, ai da wuya.

Bodar Meziko kuma Abbott ya mayar da ita gonarsa. Tun Maris 2021 ya tura dakarun jiha da ƴan sanda bakin kogin Rio Grande, daga Afrilun 2022 ya fara loda baƙin haure a bas yana sauke su a Washington, daga baya New York da Chicago. Ni a matsayina na wanda ya zo ƙasar nan da jaka ɗaya abun ya ƙona min rai, mutane ne fa ba buhunan masara ba. Amma siyasa ce kuma ta ci, kullum labarin na talabijin. Ƴan Dimokurat sun daɗe suna lissafin cewa tunda masu jin Sifaniyanci na ƙaruwa a jihar wata rana Texas za ta faɗo hannunsu kamar nunannen mangwaro. Sun manta mutanen kudancin nan ƴan Katolika ne masu riƙo da addini, da yawa ɗansu ko ƙaninsu yana aikin tsaron boda ko aikin mai. Beto ya ci yankin amma ba da irin tazarar da ake buƙata ba, kuma a zaɓen ne Monica De La Cruz ta Rifablikan ta ɗauke kujerar majalisar wakilai a can. Haka maganar zubar da ciki, bayan kotun ƙoli ta soke haƙƙin a watan Yuni kuma Texas ta haramta kusan gaba ɗaya, Beto ya ɗora kamfen ɗinsa sosai a kai. Ta tayar da matan birni, gaskiya ne, amma ko a masallacinmu bayan Juma'a na ji masu cewa su fa wannan batun ba zai sa su fita layi ba, wasu ma shi ya sa suka zauna a gida.

Yanzu ga amsar tambayar ɗan'uwana mai cewa ina ƙuri'un taron suka tafi. Ni na je taron Beto sau ɗaya, an cika, an yi ihu, ya jiƙe sharkaf da gumi kamar yadda ya saba, an yi ta ɗaukar hoto da shi. Ɗalibai ne suka fi yawa. To a Texas sai ka yi rajista kwana 30 kafin zaɓe kuma ba a yin sabuwar rajista ta intanet yadda ake yi a wasu jihohi, wannan kam dokar ba ta taimaki matasa ba kuma da gangan aka bar ta haka in ka tambaye ni. Amma ko waɗanda suka yi rajistar, sama da miliyan 17 ne, waɗanda suka fito ba su kai rabi ba, alhali a 2018 an haura rabi. Wani yaro ɗan ƙasarmu da ke jami'a a nan, shi ya fi kowa tura min bidiyon Beto a WhatsApp, ranar zaɓe da yamma na kira shi na ce ka jefa? Ya ce kawu wallahi ina da jarrabawa gobe. Sati kusan biyu aka bayar na jefa ƙuri'a tun kafin ranar fa! Su kuwa tsofaffin ƙauye ba sa zuwa taro ba sa ihu, amma ranar farko da aka buɗe rumfa za ka gan su a layi da sandunansu da hulunan kaboyi. Beto ya ci Houston da Dallas da Austin da San Antonio da El Paso, amma cikin gundumomi 254 ko 20 bai kawo ba, kuma a ƙananan garuruwan nan Abbott kashi 75 ko 80 yake kwashewa, ɗaya bayan ɗaya har su cinye ratar birane. Mu da muka taso muna ganin ɗan takara ya cika filin wasa a Kano ko Kaduna ranar ƙirga kuma a ji shiru, bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba.

Kuma kar a ce jihar riƙau ba ta kayuwa. Louisiana maƙwabciyarmu ce, ta ma fi mu riƙau ta wani fannin, amma John Bel Edwards ɗan Dimokurat ya ci gwamna a 2015 ya sake ci a 2019, tsohon soja ne, yana farauta, yana adawa da zubar da ciki, ba wanda ya isa ya ce masa baƙo. A Kentucky Andy Beshear ya kayar da gwamna mai ci a 2019 da ƙuri'a kusan dubu 5 kacal, shi kuma ya dace da gwamnan da ya yi faɗa da malaman makaranta har ƴan jam'iyyarsa suka gaji da shi. Beto bai samu ko ɗaya ba. Abbott ba mutum ne mai farin jini can ba, amma nasa ba su gaji da shi ba, ga kuɗin kamfen kamar ƙasa, ga shi tun 2002 ake zaɓensa a jihar daga babban lauyan gwamnati zuwa gwamna, muhawara ma ɗaya tak ya yarda aka yi, a Edinburg, daren Juma'a lokacin da rabin Texas ke filin ƙwallon ƴan sakandare, kuma ba ƴan kallo a zauren. Wayo ne, ya san shi ke gaba, me zai kai shi dogon surutu.

Da Beto ya tsaya kan wutar lantarki da asibiti da albashin malamai tun daga 2018 bai je ya yi wancan furuci ba, ban ce lallai zai ci ba, Texas ce, amma da maƙwabcina ya saurare shi ko da na minti biyar ne. Bayan zaɓe da kwana biyu na haɗu da dattijon yana wanke motarsa, ya ce min amigo yi haƙuri, in sanyi ya dawo janareto na nan. Na ce na gode, Allah ya sa kar mu buƙace shi.

Na gode Malam Edita da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani direban tirela, daga Houston, jihar Texas