Wanda Ya Yi Wanka Ma Yana Wanke Ƙafa

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Na san yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, to su yi mini haƙuri, yau zancen cikin gida na kawo, namu na Kiristocin da ke sujada da Hausa.

A gidana ƙarfe 5:30 na asuba muke taruwa kan tabarma, a rera waƙa ɗaya, a karanta aya, a durƙusa. Watan jiya ɗana na uku ya dawo daga wani taron matasa, washegari muka jira shi shiru. Da na ƙwanƙwasa masa ƙofa sai ya leƙo da bargo a ka, ya ce, "Baba, ni fa na daina roƙon gafara kullum. Mai wa'azi ya ce wanda ya sami ceto ya samu ke nan har abada, zunubin jiya da na gobe duk an biya. Mai ta tuba kullum bai amince da aikin gicciye ba." Mamansa ta yi tsaye da buta a hannu, ta kasa cewa uffan.

Ban yi masa faɗa ba, don ba daga kansa ya ƙago maganar ba. Ya buɗe mini Yohanna 10:28, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, ya ƙara da ƙarshen Romawa 8, mai cewa ba abin da zai raba mu da ƙaunar Allah. Ni ma na yarda da ayoyin nan, su ne suka riƙe ni ranar da muka binne yayarsa. Na san kuma in na jefa masa Ibraniyawa 6, mai maganar waɗanda suka ɗanɗana baiwa suka fanɗare, zai jefo mini wata, mu wuni muna jifar juna da ayoyi ba wanda ya durƙusa.

Gardamar ta girme mu duka. A ƙasar Holan, almajiran wani malamin tauhidi mai suna Arminiyus sun rubuta matsayinsu a 1610, kuma a kan ko mai bi zai iya rasa cetonsa ba su ma yanke hukunci ba a lokacin, cewa suka yi sai an ƙara bincike cikin Littafi Mai Tsarki. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a garin Dort daga 1618 zuwa 1619 ya ba su amsa da koyarwar ɓangaren wani malamin, Kalbin, cewa Allah yana riƙe nasa har ƙarshe. Amma abin da masu wa'azin zamani ba sa faɗa wa yaranmu shi ne, a cikin wannan amsar aka kawo misalin Dauda da Bitrus, aka ce mai bi na gaskiya yana iya faɗawa cikin mummunan zunubi, kuma hanyar da Allah yake riƙe shi ita ce ya komo da shi ga tuba. Wato ko waɗanda suka fi kowa tsayawa kan tabbacin ceto ba su taɓa cewa a naɗe tabarmar addu'a ba. Martin Luta ma, cikin batutuwa 95 da ya rubuta a 1517, na farkonsu cewa ya yi rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce.

Ni dai abin da ya warware mini gardamar shi ne Yohanna 13, inda Yesu ya wanke wa almajiransa ƙafa. Bitrus ya ƙi a wanke masa ƙafa, sannan ya juya ya ce to a haɗa da hannu da kai. Yesu ya nuna masa cewa wanda ya yi wanka ba ya buƙatar sakewa, sai dai wanke ƙafa. Duk wanda ya taɓa takawa daga Wusasa zuwa kasuwar Tudun Wada da silifas a lokacin hunturu ya san wannan. Ka yi wanka tsaf da safe, ka dawo ƙafarka fari fat da ƙura. Ba wanda zai ce ba ka yi wanka ba, ba kuma wanda zai bar ka ka hau masa shimfiɗa haka. 'Yan'uwanmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) har yau suna wanke wa juna ƙafa kafin jibin Ubangiji, wato cin gurasar tunawa da mutuwar Yesu, na taɓa halarta, dattijo ya durƙusa gaban yaron da bai kai jikansa ba da kwano da tawul.

Kuma ai Yesu da bakinsa ya koya wa almajiransa su roƙi abincin yini, a numfashi guda su roƙi gafara. Almajirai ya koya wa, waɗanda suka riga suka bi shi. In roƙon gafara rashin bangaskiya ne, sai mu tsallake wannan layin a Addu'ar Ubangiji ran Lahadi ke nan?

Laifi dai ba na matasa kaɗai ba ne. Mu dattawan ikilisiya mun daɗe muna tsorata su, yarinya ta yi kuskure ɗaya a kai ta bencin baya kamar an kulle mata ƙofar sama. Wanda ya tashi cikin wannan fargaba, da ya ji mai cewa ba komai, dole ya bi shi da gudu.

Ɗan nawa bai sauka daga ra'ayinsa ba tukuna. Shekaranjiya dai ya fito, ya zauna a bakin tabarma, bai durƙusa ba, amma ya rera waƙar da mu. Mamansa ta miƙa masa Littafin ta ce ya karanta mana 1 Yohanna 1:9, mai cewa in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana, ya karanta.

Naka,
Wani malamin makarantar Lahadi,
Wusasa, Zariya.