Godiya ga ma'aikatan sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin tarayya, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum.

Ni ɗan wani kafinta ne a Jega. Shekara 30 da wani abu Baba yana fiƙar katako, yawanci maɗaci, har gashin girarsa kan koma ja saboda gari. Da hancinsa na hagu ya toshe muka ce mura ce. Wata bakwai muna sayen maganin mura a wani kemis, ana turara masa habbatus sauda. Sai haɓo ya fara, kullum ta wannan kafa ɗaya, idon hagun kuma yana hawaye ba dalili.

Likitan da ya duba shi a wurinku tambaya biyu ya yi kafin ya taɓa takarda: "Baba, kafa ɗaya ce ke toshewa ko duka biyun? Mece ce sana'arku?" Da ya ji amsa sai ya ajiye biro. Ya ce mura ba ta zaɓar ɓangare ɗaya ta zauna wata bakwai, kuma an daɗe da sanin cewa garin katako mai tauri, da ƙurar fata irin ta dukawa, suna jawo ciwon daji a kogunan da ke cikin ƙashin fuska. Aka yi hoton siti sikan, aka yanki 'yar tsoka zuwa gwaji. Daji ne, can sama tsakanin idanu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kuka gaya mana. Ba ku ɓoye ba, ba ku kuma firgita tsoho ba. Likitan ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, kuma matsalarsa wurin da yake zama, ido na gefe, ƙwaƙwalwa na sama, shi ya sa kowane wata da aka ɓata yana da tsada. Na matsa masa da tambaya a waje, ya ce a lissafin Amurka, waɗanda aka gano nasu bai bar inda ya tsiro ba, fiye da 8 cikin 10 suna raye bayan shekara 5; idan ya yi nisa a jiki, ba su kai rabi ba. Ya ƙara da cewa lissafin can ne, rai kuwa na Allah ne.

Ku kuka haɗa mu da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Aka yi tiyata ta gefen hanci, sannan gashin ciwon da hasken na'ura sau 30, Litinin zuwa Juma'a, mako shida, da wata robar da aka ƙera daidai fuskarsa don kada kansa ya motsa. Baba ya ce ko shi bai taɓa auna aiki haka ba. Bakinsa ya bushe, tuwo ya daina yi masa ɗanɗano. Wata nas taku, wadda Baba ke kira 'yata, ita ta koya wa Inna wanke masa hanci da ruwan gishiri.

Ƙamshin maɗaci dai har yau ba ya jinsa, kuma na san yana damunsa ko bai faɗa ba. Amma yana zaune a ƙofar shago yana yi wa yara faɗa, duk wanda ya kunna inji ba takunkumi gida zai koma.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku. Muna tafe ranar da kuka rubuta mana a kati.

Naku,
ɗan kafinta daga Jega