Mu riƙa leƙa Luksambur da tanti lokacin hutu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi kira ga 'yan'uwanmu mazauna Beljiyam. Da yawanmu in kuɗin jirgin zuwa gida bai samu ba, sai yara su ƙare hutun makaranta a ɗaki, alhali Luksambur na nan kusa da mu.

Bara na yi hayar mota mai ɗakin kwana a ciki, muka kwana huɗu a wani sansanin masu tanti a Vianden, bakin kogin Our. Da asuba na shimfiɗa darduma a kan ciyawa mai raɓa, tsohuwar fadar garin na bisa dutse, hazo ya rufe rabinta. Uwargida kuwa ta dafa mana shinkafa da wake a ƙaramin risho.

Tun 2020 bas da jirgin ƙasa kyauta ne a ƙasar, don haka muka ajiye mota. Mun je ƙauyen Shengen, inda aka sa hannu a 1985 kan yarjejeniyar da bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai da dama, ta samo suna daga gare ta. Ɗana ya yi ta mamakin ƙanƙantarsa.

Sai dai a kama wuri tun da wuri, domin sansanonin kan cika a Yuli da Agusta.

Naka,
Wani mai karatu daga Burasel